Yadda ake fesa fentin kurom a kayan tsohuwar mota ba tare da ya koma ruwan toka ba

Duk wanda ya taɓa sauko da tsohuwar mota daga kan duwatsu ya san inda aikin yake cijewa. Inji ya tashi, mai gyaran bodi ya bubbuge abin da zai bubbuge, an yi fenti mota ta fito fes, amma da ka ja da baya ka ƙare mata kallo sai ka ga da sauran rina a kaba. Ragar gaba ta dusashe, tambari ya yi fari-fari, murfin taya duk tsatsa. Sai motar ta zama kamar amaryar da aka yi wa lalle aka manta da kwalli.

Ni a kan Fijo 504 ta mahaifinmu na koyi wannan karatu, irin waɗanda aka haɗa a Kakuri da ke Kaduna, inda kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a 1975. Na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na sayo gwangwanin fentin kurom, murfinsa na ɗaukar ido har kana ganin fuskarka a jiki. Na dawo gida na wanke tambarin zakin, na fesa masa lafta-lafta. Da ya bushe sai ga shi kamar sabuwar tukunyar alminiyam: yana da haske, amma babu maganar madubi. Na ce bari in ƙara masa kiliya, wato fentin nan marar launi da ake rufe fenti da shi, ya yi sheƙi. Kafin in ajiye gwangwanin ya koma ruwan toka, irin launin bokitin ƙarfe. Wani dattijo mai fentin mota a unguwarmu, da na kai masa ya gani, dariya kawai ya yi ya ce, "Yaro, murfin ka saya ko fentin?"

Gaskiyarsa. Murfin gwangwanin ba da fentin da ke ciki aka shafe shi ba, a masana'anta aka lulluɓe robar da ƙarfe. Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, ka fara sanin abin da kake saya.

Kurom na ainihi ba fenti ba ne. Ana tsoma ƙarfe ne a cikin ruwan sinadari a sakar masa lantarki, galibi a fara ɗora masa jan ƙarfe, sannan nikel, a ƙarshe a rufe da kurom ɗin, wanda kaurinsa bai kai ko kusa da silin gashi ba. Yawancin ƙyallin da ido yake gani daga nikel ɗin da ke ƙasa yake fitowa, kurom ɗin shi ke ba shi tauri da ɗan shuɗin nan mai sanyi. Abin da ke cikin gwangwani kuwa ƙananan ɓarɓashin alminiyam ne, falle-falle, suna yawo a cikin ruwan fenti. In ka fesa, sai su taso sama su kwanta a jere kamar ganye a kan ruwan tafki. In sun kwanta lumui a kan wuri mai santsi, haske ya daki fuskarsu ya dawo, ka ga ƙyalli. In sun kwanta a karkace, wani kan wani, haske ya watse, ka ga ruwan toka. Duk abin da zan faɗa daga nan zuwa ƙasa a kan wannan ɗaya yake tafiya: yadda za ka sa ɓarɓashin nan su kwanta, da yadda za ka hana wani abu ya tashe su.

Zaɓen abin da za a fesa

Ka zube kayan duka a kan tabarma ka raba su gida uku.

Kashi na farko su ne waɗanda ba fenti suke so ba, goga suke so. Mutane da yawa suna ɓata kaya mai kyau a nan. Bambar Fijo ta wancan zamani, da siraran ƙarafan gefen gilashi, akasarinsu ƙarfen da ba ya tsatsa ne, dusashewa kawai suke yi. Man goge ƙarfe da tsumma sun ishe su. Haka nan abin da aka yi wa kurom na ainihi wanda tsatsa ta ɗan yi masa ɗigo-ɗigo a sama: ka yagi takardar alminiyam irin ta naɗe nama, ka dunƙule ta, ka tsoma a ruwa ka riƙa gurzawa a hankali. Za ka sha mamakin abin da zai fito. Tsohon kurom da aka goge, ko da yana da 'yan tabo, ya fi sabon fentin gwangwani kyau nesa ba kusa ba. Kada ka taɓa fesa wa abin da goga zai iya ceta.

Kashi na biyu su ne waɗanda fentin ba zai zauna a kansu ba. Hannun ƙofa, domin kullum hannu na kai, cikin 'yan makonni zai koɗe. Salansa da duk abin da ke manne da inji, domin zafi zai ƙona shi. Waɗannan suna da fentinsu na daban mai jure zafi, launin azurfa, kuma shi ma ba madubi ba ne. Bakin tankin mai, domin fetur yana narkar da shi nan take. Sai cikin fitilar gaba, kwanon nan da ke maido da haske. Wannan ina roƙonka ka bar shi. A masana'anta da tururin alminiyam ake lulluɓe shi, fentin gwangwani ba ya maido da haske kamarsa, ga kuma zafin ƙwai. Da rana za ka ga kamar ka gyara, sai ka hau hanyar Zariya da daddare ka tarar kamar aci-balbal ka kunna. In kwanon ya mutu, nemi wata fitilar a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa.

Abin da ya rage shi ne naka: tambari, rubutun bayan but, ragar gaba ta roba, zoben agogunan dashbod, 'yan maɓallai da layukan ado na cikin mota, cikin gidan fitilar baya, da murfin tayar da tsatsa ta riga ta cinye. Na cikin mota su suka fi daɗewa, tunda ba rana ba ruwa ba mai wankin mota. Na waje kuwa, ka sa a ranka cewa aiki ne da za ka riƙa sabuntawa.

Kayan aiki

Samfefa mai lamba 180, 320 ko 400, 600, 800, da 1500 ko 2000. Yawan lambar, yawan laushinta. Faraima, wato fentin shimfiɗa da ake fara fesawa don na sama ya kama, kuma ka faɗa wa mai shago ko ta ƙarfe kake so ko ta roba, don ba ɗaya ba ne. Baƙin fenti mai sheƙi, ba mai dishi-dishi ba. Gwangwanin kurom ɗin kansa, yawanci mai mililita 400 ake samu, kuma ɗaya ya ishi tambari da raga da 'yan tarkacen dashbod har ya yi saura. Sai tef na takarda irin na masu fenti, tsofaffin jaridu, omo, tsohon buroshin haƙori, tsumman auduga mai laushi wanda ba ya zubar da zare, safar hannu ta roba, babban kwali, waya, da takunkumin fenti mai matata. Ƙyallen rufe hanci na asibiti yana tare ƙura, amma ba ya tare tururin fenti.

In da hali, faraima da baƙi da kurom su zama na kamfani ɗaya. Dalili kuwa, ruwan da aka dama wani fentin da shi yakan fi na wani zafi, in ka ɗora mai zafi a kan mai sanyi sai na ƙasa ya yamutse kamar fatar tsohuwa, aiki ya koma farko.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi komai arha kuma ya fi komai amfani: ledar cokulan roba, irin na biki. Zan zo kansu.

Mataki na farko: cirewa da wankewa

Cire kayan daga jikin mota. Kada ka ce za ka lulluɓe mota da jarida ka fesa a tsaye. Ƙurar alminiyam tana da shiga lungu, za ka wayi gari sabon fentin bodinka yana walƙiya kamar an watsa masa kwalli. Robar da ta shekara arba'in a rana ta zama kamar ƙosan rogo wajen karyewa, saboda haka ka bi maƙalanta da lallami, ka fara leƙa bayanta ka ga yadda aka kama ta kafin ka sa sukundireba. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance, kusoshi kuma a zuba su a gwangwanin madara.

Wanke da omo da ruwan ɗumi, ka bi lungu-lungu da buroshi. Abin da kake yaƙi da shi maiƙo ne, musamman man nan da masu wankin mota ke shafa wa dashbod da taya don su yi baƙi. Yana ɗauke da silikon, kuma duk inda ya rage ko ɗis, fenti zai guje wa wurin ya bar ƙananan ramuka kamar idon kifi. Wanke sau biyu. In ƙarfe ne kana iya ƙara gogewa da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi. In roba ce kada tina ta kusance ta, za ta narke ta yi danƙo. Ɗan sifirit na kemis a tsumma ya wadatar. Daga nan kuma safar hannu, domin zufar yatsa ma maiƙo ce.

Mataki na biyu: gurza

A nan rabin aikin yake, kuma a nan gajen haƙuri ke kayar da mutane. Fentin kurom ba ya rufe aibi. Farin fenti yakan ɗan ɓoye ƙarce, shi kuwa kurom tona asiri ne aikinsa; layin samfefar da ba ka gani da ido yanzu, da ka fesa zai fito ɓaro-ɓaro.

In ƙarfe ne mai tsatsa, fara da 180 har sai ka ga farin ƙarfe. Tsatsar da ka bari a cikin rami za ta ci gaba da ci ta ƙarƙashi, ta kumburo fentin bayan damina ɗaya. Ramukan da suka rage ka cike da ɗan foti na masu gyaran bodi, siriri, ya bushe ka gurje ya yi daidai da jikin. Tambari da wasu kayan ado na da da wani ƙarfe mai laushi ake zuba su, wanda yakan yi ƙuraje-ƙuraje idan ya tsufa. Kowane ƙurji sai ka fasa shi da bakin ƙusa, ka kankare farar hodar da ke ciki, sannan ka cike.

In roba ce da aka lulluɓe da kurom yana ɓarewa, ka yi hattara da gefen ɓawon, yanka yake kamar reza. Ɓare duk wanda ya saki. Wanda ya ƙi fita ka gurje bakinsa har yatsa ya daina jin tudu tsakaninsa da robar. Kuma duk inda tsohon kurom ya rage, sai ka kashe ƙyallinsa gaba ɗaya da 320, don fenti ba ya kama kurom mai santsi. Robar da ba ta da komai a kanta 400 ta ishe ta, sannan 600. A kan roba da tsohon kurom ka riƙa tsoma samfefar a ruwa, tana rage ƙura kuma ba ta toshewa.

Wanke, ka bar shi ya bushe sarai. Ruwan da ya maƙale a lungun raga yakan jira sai ka fara fesawa iskar gwangwani ta tunkuɗo shi kan fenti.

Mataki na uku: wurin aiki da lokaci

Ƙasarmu ba ta yi wa mai fenti adalci ba. Da hunturu ƙura, da bazara zafi, da damina laima. Fentin gwangwani ya fi son yanayi mai matsakaicin zafi, wajen digiri 20 zuwa 25, mu kuwa a watan Afrilu Kano takan haura 40. In ka fesa da tsakar rana, fentin yakan bushe a iska kafin ya sauka, ya zubo kamar yashi, kuma ɓarɓashin ba su sami damar kwanciya ba. In kuma ka fesa ranar da hadari ya haɗu, ko bayan an ɗauke ruwa, laima takan shiga ya yi hazo-hazo. Lokacin da na fi jin daɗinsa shi ne da hantsi kafin rana ta take, a inuwa, ranar da iska ta kwanta. Ƙarshen damina kafin hazo ya sauko shi ne kakar wannan aiki.

Kada ka yi a cikin ɗaki a rufe, tururin yana bugarwa kuma yana kama wuta. Rumfa ko gareji a buɗe, nesa da murhu, nesa da janareto, nesa da mai sigari. Share ƙasa ka ɗan yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta. Kwantar da babban kwali a gefensa ya zama maka ɗan ɗaki, ka rataye ƙananan kaya da waya a ciki, manya kuma ka ɗora su a kan gwangwanaye don su tashi daga ƙasa. In kana da tsohon gidan sauro, ka tanade shi don rufe kwalin bayan ka gama. Ƙuda da ƙananan ƙwari suna son ɗanyen fenti kamar me. Gwangwanayen kuma kada a bar su a cikin mota a rana, a jikinsu ma an rubuta kada su wuce digiri 50.

Mataki na huɗu: faraima

Girgiza har ka ji ƙwallon da ke ciki yana kaɗawa, sannan ka ci gaba minti biyu cur. Fesa siriri sau biyu ko uku, da tazarar minti goma. In ta bushe, washegari ya fi, gurje da 600 da ruwa, sannan 800. Rufe ido ka shafa da yatsa cikin safar hannu. In ka ji wani abu, to akwai shi. Ƙara faraima ka sake gurzawa. A ƙarfe ka kula kada ka gurje har ka huda zuwa farin ƙarfe, musamman a kusurwa.

Mataki na biyar: baƙin ƙasa

Wannan shi ne sirrin da dattijon nan ya ba ni, kuma shi ne bambancin tukunya da madubi. Ya ce, "In baƙin bai nuna maka fuskarka ba, kurom ɗin ma ba zai nuna ba."

Dalili biyu ne. Na ɗaya, santsi: faraima komai gurzarta tana da ƙananan ƙofofi, baƙi mai sheƙi shi ke shafe su ya ba ɓarɓashin shimfiɗa kamar gilashi. Na biyu, zurfi: kurom ɗin siriri ake fesa shi, baƙin da ke ƙasa yana ɗan leƙowa ta tsakani, shi ke ba ido wannan duhu-duhun da ake gani a ƙarfe na gaske. A fentin kurom mai tsada, wanda ruwansa ya tsinke sosai, baƙin wajibi ne. A na kasuwa mai arha, wanda ya fi kauri ya fi rufewa, launin bai cika leƙowa ba, amma santsin yana nan yana aiki, don haka ko a nan ban yarda a tsallake shi ba.

Fesa na farko siriri, ka bar shi minti goma. Na biyu ka ɗan ƙara. Na uku shi ne jiƙaƙƙe, wanda za ka tafi a hankali har ka ga fentin ya haɗe yana sheƙi kamar ruwa, ka tsaya daidai nan kafin ya fara zuba. Tazarar hannunka da kayan kamar taƙi ɗaya, santimita 20 zuwa 25. Fara danna kan gwangwani kafin ka iso kan kayan, ka saki bayan ka wuce, domin a farkon dannawa da ƙarshenta ne yake tofar da gudaji.

Duk lokacin da ka fesa wa kayan wani abu, ka fesa wa bayan cokulan roba biyar ko shida irinsa, a lokaci guda. Faraima tare, baƙi tare.

Sai jira. Bushewar taɓawa daban, bushewar ciki daban. Fenti yakan bushe a sama cikin awa ɗaya alhali cikinsa yana ta fitar da tururi, in ka rufe shi da kurom a haka tururin zai biyo ta ƙasa ya hargitsa ɓarɓashin. Karanta jikin gwangwani. Da yawa sukan ce ko ka ƙara wani fentin cikin awa ɗaya, ko ka bari sai bayan awa 48. Ni kwana uku nake ba shi, da damina har biyar. Gwajinsa a hanci yake: kai cokali ɗaya kusa da hancinka, in har yana warin fenti, da saura.

In ƙura ta faɗa ko fentin ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo, gurje da 1500 ko 2000 da ruwa, ka sake ɗora baƙi jiƙaƙƙe sau ɗaya, ka sake jira. Kada ka goge shi da man sheƙi, akasarinsu suna da kakin da zai hana kurom kamawa.

In tambari ne ko raga da kake son wani sashe ya zauna baƙi, yanzu ne za ka rufe shi da tef, ka danne bakin tef ɗin da farce.

Mataki na shida: kurom ɗin kansa

Duk wannan wahala ta kwana da kwanaki, fesawar ba ta wuce minti biyar ba.

Girgiza sosai, ya fi na sauran, don alminiyam yana kwanciya a gindin gwangwani. In da sanyin safiya ne, tsayar da gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi na 'yan mintoci, wanda hannu zai iya zama a ciki, ba tafasasshe ba, kuma ko da wasa kada ka kai shi kusa da wuta. Ɗumin yana sa fentin ya fito da laushi. Goge ruwan jikinsa kafin ka fara.

Ɗauki cokali na farko. Ja baya kaɗan fiye da yadda ka yi da baƙi, kamar santimita 25 zuwa 30, ka wuce da sauri sau ɗaya, kamar mai fesa turare a riga. Za ka ga baƙin ya ɗan yi hayaƙi-hayaƙi, kana hango shi ta ƙasa. Jira minti biyu zuwa biyar. Sake wucewa. A karo na biyu ko na uku za ka ga abin ya buɗe, ƙyalli ya taso, har ka hango inuwar rumfa a bayan cokalin. Ajiye wannan. A cokali na biyu ka yi ganganci: ci gaba da fesawa sau biyar, sau shida, ka ga da idonka yadda ƙyallin ke mutuwa yana komawa azurfa. Ka jera su biyun a gabanka. Yanzu ka san inda gwangwaninka yake tsayawa, domin kowane kamfani da nasa hali. Akwai ma wanda ya fi son shafa ɗaya mai ɗan jiƙa a kan hayaƙi-hayaƙi uku, kuma cokali ne kaɗai zai gaya maka.

Sannan ka juya kan kayan, ka yi daidai yadda ka yi wa cokalin da ya fi kyau. Fara da gefuna da lunguna, ka ƙare da fuskar da ido zai fi gani. Hannu ya tafi a miƙe, kada ya yi lilo, don in ka yi lilo tsakiya za ta sha fenti gefe ya tashi a bushe. Zuciya za ta ce maka ƙara ɗaya, ga can wani wuri kamar bai ji ba. Kada ka biye mata. Wurin da ya ɗan yi duhu ba mai lura da shi a jikin mota, amma wanda ya sha fenti ya dusashe daga nesa ake hango shi.

Cire tef bayan kamar minti goma sha biyar, kana jan sa baya a kwance, ba tare da yatsa ya taɓa kurom ɗin ba. Kifa gwangwanin ka danna har iska zalla ta fito, don kada bakinsa ya toshe. Rufe kwali da gidan sauro ka tafi harkarka. Kada ka taɓa, kada yara su taɓa. Ɗanyen kurom yana ɗaukar zanen yatsa, kuma ba ya goguwa. Ba shi mako guda.

Maganar kiliya

Ga inda kowa ke faɗawa, ni ma nan na faɗa. Hankali yana cewa abin da ke da saurin koɗewa a rufe shi da kiliya. Amma ka tuna ɓarɓashin a saman fentin suke kwance, ba abin da ya danne su sosai. Ruwan kiliya yana sauka sai ya narkar da shimfiɗarsu, su tashi su karkace, ƙyalli ya tafi. Ko kiliyar da ba ta tashe su ba, tana rage wani abu daga hasken. Babu kiliyar da za ta ƙara wa fentin kurom ƙyalli. Tambayar kawai ita ce nawa za ta ci.

Ga yadda nake yi. Kayan cikin mota da hannu ba ya kai musu, ba na sa musu komai. Kayan waje, ciniki ne: ko ƙyalli mai yawa na ɗan lokaci, ko ƙyalli matsakaici mai daɗewa. In ka zaɓi na biyu, sauran cokulanka su ne alƙalai. Bayan mako guda, gwada kiliyar a kan ɗaya. Wadda aka dama da ruwa ba ta ɓata kurom kamar wadda aka dama da tina, in ka same ta. Fara da hayaƙi-hayaƙi sau biyu daga nesa, kowanne ya bushe, su zama katanga, sannan ka ɗora mai ɗan jiƙa. Ɗora cokalin kusa da wanda ba a sa wa ba, ka fita da su rana, ka yanke hukunci da idonka.

Akwai kiliya mai haɗi biyu, irin wadda masu fentin mota ke zuba wa hadina, wato maganin da ke sa ta taurare. Ta fi kowace tauri, tana jure fetur da rana, amma tana ɗauke da sinadarin da ke illata huhu, ba a fesa ta sai da takunkumi na gaske da iska mai wucewa. In ita kake so, kai wa mai fenti ya fesa maka da bindigarsa, ka haɗa masa da cokali ɗaya ya fara gwadawa a gabanka.

A murfin taya kuwa, bayan na yi sau biyu yashi da ruwan kwata suna cinyewa, na haƙura na koma fentin azurfa na wili da kiliya a kai. Bai kai kurom ɗaukar ido ba, amma yana kai shekara da mutuncinsa.

In an sami matsala

Ya zuba ya yi hawaye: kada ka share da tsumma. Bar shi ya bushe kwana biyu, gurje da 800, ka koma kan baƙi. Ya yi yashi-yashi: ka yi nisa da yawa ko rana ta yi zafi. Ya yi toka tun kafin kiliya: ka cika fenti, ko baƙin bai gama bushewa ba. Ya yamutse: fentin biyu ba su jitu ba, sai an kankare har faraima. A kowane hali ba a gyara kurom da ƙarin kurom, komawa baya ake yi a sake shimfiɗa.

Wanda kuma yake son madubi na gaske a kan babban abu kamar bamba, gwangwani ba zai kai shi ba. Ko ya nemi masu tsoma ƙarfe a lantarki, ko ya bi kasuwar tsofaffin kaya ya samo wadda kurom ɗinta bai mutu ba ya goge. Ga ƙananan rubutu da layukan da suka fi ƙarfin tef, akwai alƙalamin kurom, irin na kamfanin Molotow, wanda ake zanawa da hannu. A zoben agogon dashbod ya fi gwangwani sauƙi da kyau, sai dai shi ma ba ya son taɓawa.

Mayarwa da kulawa

Sa sabuwar safar hannu, ka riƙe kayan ta gefe ko ta baya. Shimfiɗa tsumma a inda za ka ajiye su. Wajen ɗaure kusoshi kada ka matse har roba ta tsage, kuma ka naɗa wa bakin sukundireba tef, don in ya zame sau ɗaya ya ja layi, aikin kwana goma ya tafi.

Wanki da ruwa zalla ko sabulu mai laushi, da tsumma mai taushi, dannawa ake yi a hankali ba gurzawa ba. Ban da man sheƙi, ban da fetur, ban da kananzir, kuma man birki in ya ɗiga a kai ya gama da shi. Mai wankin mota ba zai san fenti ba ne, zai ɗauka ƙarfe ne ya sa masa soso da omo da ƙarfinsa, don haka ka tsaya a kansa ranar farko ka nuna masa wuraren da hannunka. Da hunturu kuma kada ka share ƙurar da ta kwanta a kai da busasshen tsumma, ƙurar da kanta samfefa ce. Zuba ruwa ya tafi da ita tukuna. Ragowar fentin ka ajiye shi a inuwa tare da cokalin da ya fi kyau, ka rubuta a cikinsa sau nawa ka fesa da tazarar da ka bayar, don ranar da tambarin zai nemi sabuntawa.